Kafin a Ƙara Maka Jini: Me Ya Sa Ake Jira?

Ɗan'uwa mai karatu, idan ka taɓa rako majinyaci daga ƙauye zuwa Kumasi, daga Ejura ko Atebubu ko Yeji, wataƙila ka ga abin da zan faɗa da idonka. Likita ya duba cikin idon mara lafiya da tafin hannunsa, ya sa an auna jininsa, ya ce ya yi ƙasa ƙwarai, sai an yi masa ƙari. An ɗebi jini kaɗan a 'yar kwalba an tafi da shi. Daga nan shiru. Rabin awa ta wuce, awa ta cika, ga mara lafiya yana haki, ga ka a kan benci kana duban ƙofa. A irin wannan lokaci ne zuciya take fara raya wa mutum cewa an manta da shi, ko kuma ma'aikata suna jiran a ba su na goro.

Wani dare ina bakin aiki, wani saurayi daga Aboabo ya tare ni a baranda, idonsa ya yi ja. Yayarsa ta haihu, ta zubar da jini mai yawa. An tsayar da zubar, an sa mata ƙarin ruwa, shi kuma ya riga ya ba da jininsa leda guda. Ya ce, "Sista, ga jinina can na bayar. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya, nono ɗaya muka sha. Me kuke jira kuma?" Na ce, "Ƙanena, zauna tukuna ka sha ruwa. Ana gwadawa ne." Da sakamako ya fito, jininsa rukunin B ne, na yayarsa kuwa O. Da an bi maganarsa an ɗaura mata ledarsa, da jinin ɗan'uwanta ne zai iya zama ajalinta a daren nan.

Wannan ɗan littafi bayani ne a kan abin da ake yi a cikin awar nan da kake jira, da kuma abin da ya rage gare ka, domin akwai wani sashe na aikin da babu mai iya yinsa sai kai.

Duk jini ja ne, amma ba iri ɗaya ba ne

Idan aka bar jini a kwalba ya kwanta, zai rabu biyu. A ƙasa akwai jajayen ƙwayoyi, su ne masu ɗaukar iska daga huhu su kai ko'ina cikin jiki. A sama akwai ruwa mai kalar rawaya, shi muke kira ruwan jini. A jikin kowace jar ƙwaya akwai alamomi, kamar yadda a da ake gane mutum da tsagar fuskarsa. Manyan alamomin biyu ne, A da B. Mai alamar A rukuninsa A, mai B rukuninsa B, mai duka biyu AB, wanda ba shi da ko ɗaya kuwa O. A Ghana kusan rabin jama'a O ne, A da B kowanne kamar mutum ɗaya cikin biyar, AB su ne 'yan kaɗan.

A cikin ruwan jini kuma akwai masu gadi. Aikinsu su far wa duk ƙwayar da ta zo da alamar da jiki bai sani ba. Mai rukunin A yana da masu gadin da ke faɗa da B. Mai B yana da masu faɗa da A. Mai O, kamar matar can, yana da duka biyun, saboda haka ba ya karɓar jini sai na O. Ba sai an taɓa yi wa mutum ƙarin jini ba kafin ya sami waɗannan masu gadi. Tun yana jariri ɗan 'yan watanni jikinsa yake fara yin su.

Idan aka shigar da jinin da bai dace ba, masu gadin nan suna fasa baƙin ƙwayoyin a cikin jijiya. Jiki ya ɗau rawa, zazzaɓi ya tashi, baya da ƙugu su yi ciwo, ƙirji ya matse, fitsari ya koma baƙi kamar Coca-Cola. Abin da ya fashe yana lalata ƙoda, har fitsari ya tsaya. Ba sai leda ta ƙare ba, 'yan cokula kaɗan sun isa su ta da wannan masifa.

Rukunin jini gado ne, rabi daga uwa, rabi daga uba. Uba mai A da uwa mai B suna iya haifar 'ya'ya huɗu, kowanne da nasa rukuni: A, B, AB da O. Shi ya sa ciki ɗaya ba ya nufin jini ɗaya. Bari in ƙara da jan kunne a nan: kada wani magidanci ya ga rukunin ɗansa ya bambanta da nasa ya je ya ta da rigima a gida. Na ga an yi haka, kuma rashin sani ne kawai.

Likitoci sun daɗe cikin duhu game da wannan. A 1667 a Faransa har jinin ɗan rago an taɓa ɗura wa mutum. A 1818 wani likitan mata a Landan, James Blundell, ya fara gwada jinin mutum ga mutum, saboda ganin yadda mata ke mutuwa da zubar jini bayan haihuwa. Wasu suka rayu, wasu suka mutu, ba a san dalili ba. Sai a 1901 Karl Landsteiner, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya haɗa jinin abokan aikinsa da juna ya ga na wasu yana dunƙulewa, na wasu kuwa ba ya yi. Nan aka gano rukunan jini. A 1907 kuma, a New York, Reuben Ottenberg ya fara gwada jinin mai bayarwa da na mai karɓa kafin a ɗaura. Ranar haihuwar Landsteiner, 14 ga Yuni, ita ce duniya take tunawa da masu ba da jini kowace shekara.

Abin da ake yi a bayan ƙofar nan

Gwajin farko shi ne na rukuni, kuma ba ya ɗaukar lokaci. Ana ɗiga jininka wuri uku a kan farin faranti ko cikin ƙananan kwalabe, a haɗa kowanne da ruwan gwaji: shuɗi na A, rawaya na B, da na uku wanda zan yi bayaninsa nan gaba. Inda jini ya yi gudaji-gudaji, kamar madarar da aka matsa wa lemun tsami, to akwai wannan alama. Cikin 'yan mintuna an sani.

Za ka ce, to tunda an san rukunina, a ɗauko leda mai rukuni irin nawa mana a huta. Nan ne mutane da yawa ba su gane ba. A da B su ne manyan alamomi, amma ba su kaɗai ba ne. Masana sun ƙidaya alamomi fiye da 300 a jikin jar ƙwaya. Mutum biyu suna iya zama O dukansu, amma ɗaya yana da masu gadin da ba za su karɓi jinin ɗayan ba. Saboda haka ake yin gwaji na biyu, gwajin dacewa. Ana yanko ɗan guntun robar da ke maƙale da ledar, a ɗebi ƙwayoyin da ke ciki, a haɗa su da ruwan jininka. A ɗumama su daidai zafin jikin mutum, digiri 37. A wanke, a juya su a inji, a ƙara wani ruwan gwaji da Robin Coombs da abokan aikinsa suka fito da shi a Ingila a 1945, wanda yake tona masu gadin da suka ɓuya. Sannan a duba. Idan ƙwayoyin suna nan sarai, babu gudaji, babu fashewa, sai a rubuta sunanka a jikin ledar. Idan sun dunƙule, a mayar da ita firji a ɗauko wata, a sake daga farko.

A taƙaice, faɗan da zai faru a jikinka ake bari ya faru a cikin kwalba. Wannan yakan ci minti 45 zuwa awa ɗaya, ga kowace leda kuma sai an yi nata. Ba a iya gaggauta shi da faɗa ko da roƙo, kamar yadda ba a iya sa tuwo ya nuna da tsawa.

Idan kuwa rai yana hannun Allah, jini yana zuba babu halin jira, likita yana iya ba da umarni a ɗaura O negatif nan take, domin ƙwayoyinsa ba su da manyan alamomin da ke jawo faɗa. Amma irin wannan jini kaɗan ne, ana tattalinsa don irin wannan ranar. Idan aka ce ka jira, ma'anarsa likita ya auna ya ga jiran ya fi gaggawar aminci ga majinyacinka. Kana da damar ka tambaya, cikin natsuwa, "Ina aka kai da gwajin?" Ma'aikacin kirki zai amsa maka.

'Yar'uwa, wannan sashe naki ne

Ruwan gwaji na uku da na ambata yana neman alamar da ake kira Rh. Mai ita fozitif ne, ana sa masa alamar tarawa (+). Wanda ba shi da ita negatif ne (−). A ƙasarmu masu negatif ba su kai ɗaya cikin goma ba. Zama negatif ba cuta ba ne. Amma ga mace mai haihuwa akwai abin lura.

A 1939 likitoci biyu a Amurka, Philip Levine da Rufus Stetson, suka ba da labarin wata mata da ta haifi ɗa ba rai, ta zubar da jini, aka ƙara mata na mijinta. Dukansu O ne, amma jikinta ya ƙi jinin, ta sha wuya ƙwarai. Da suka bincika sai suka gano ɗan da ke cikinta ya gaji wata alama daga ubansa wadda ita ba ta da ita, jikinta kuwa ya riga ya yi masu gadi a kanta tun tana da cikin.

Haka yake faruwa har yau. Idan ke negatif ce, jaririnki kuma fozitif, jininsa kaɗan yakan shiga naki lokacin haihuwa ko ɓari. Sau da yawa ɗan fari yana fitowa lafiya. Amma jikinki ya riga ya gane alamar, sai ya far wa jinin 'ya'yan da za su biyo baya tun suna ciki. Jariri ya fito da shawara tun ranar farko, ko jininsa ya ƙare, ko a haife shi ba rai. Wasu matan da ake ce suna wabi, ana ta kai su wurin masu magani, wannan ne ciwonsu. Ban ce duka ba, amma wasu. Akwai allurar rigakafi da ake kira anti-D, ana amfani da ita tun 1968. Ana yin ta cikin awa 72, wato kwana uku, bayan haihuwa ko ɓari. Idan jiki ya riga ya yi masu gadin, allurar ba ta warware su, shi ya sa kwana ukun nan suke da tsada.

Saboda haka ki buɗe littafin awonki ki duba inda aka rubuta rukunin jini. Idan ba ki karatu, ki ce wa ungozoma ta karanta miki. Idan negatif ne, ki gaya wa maigida tun cikin yana ƙarami, a shirya haihuwa a asibitin da ke da ma'ajiyar jini, a kuma tanadi kuɗin allurar. Wannan labari kuma shi ne dalilin da ya sa ba ma son ƙara wa mace mai sauran haihuwa jinin mijinta, ko da rukuninsu ɗaya. Ya bayar, Allah ya ba shi lada, amma a ba ta na wani.

Masu sikila da waɗanda aka taɓa yi wa ƙari

Duk lokacin da aka yi wa mutum ƙarin jini, jikinsa yana haɗuwa da baƙin alamomi, kuma yana iya yin sababbin masu gadi. Jinin da ya dace da kai bara yana iya ƙin dacewa bana. Shi ya sa ko a kwanciya ɗaya, idan kwana uku suka wuce bayan ledar farko, sai an sake ɗiban jininka an gwada kafin ta gaba. Ba ɓarnar jininka ake yi ba.

Wannan ya fi shafar masu sikila, waɗanda wasunsu ake yi wa ƙari sau da yawa. A Ghana kamar jariri ɗaya cikin 50 ne ake haifa da wannan cuta. A nan Kumasi aka fara gwada jarirai tun daga haihuwa, a 1995, ƙarƙashin jagorancin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, kuma akwai sashen kula da masu sikila a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda tsofaffi ke kira "Gee" da sunan kamfanin da ya gina shi. Idan ɗanki yana da sikila, ki riƙe ɗan littafi ki rubuta duk ranar da aka yi masa ƙari, a wane asibiti, leda nawa, da ko jikinsa ya nuna wani abu. Nemo masa jinin da ya dace yakan fi na kowa daɗewa.

Wani ruɗani kuma da nake ji kullum: ka tambayi mutum rukunin jininsa ya ce maka "AA" ko "AS". Wannan amsar gwajin sikila ce, AA, AS, AC, SS, SC. Rukunin jini kuwa A, B, AB ko O ne, da fozitif ko negatif. Harafin A ne ya zo ɗaya, amma abubuwa biyu ne dabam.

Sunanka, da katinka

Yanzu ga naka aikin. Yawancin kurakuran ƙarin jini masu kisa ba daga injin gwaji suke fitowa ba. Daga suna suke fitowa: an ɗebi jinin wani an rubuta sunan wani, ko an ɗaura wa wani ledar maƙwabcinsa. A Zango kuwa sunayenmu kama suke da juna. A ɗaki ɗaya kana iya samun Hawa Mohammed biyu. Ga mai sunan yanka dabam, sunan rana dabam, kamar Talatu ko Ɗanladi, na makaranta kuma dabam. Saboda haka idan nas ta tambaye ka sunanka sau uku, kada ka ji haushi. Ka faɗi cikakken sunan da ke kan katinka, da bakinka, da shekarunka. Kada ka amsa "na'am" kawai don an kira suna mai kama da naka. Ka kuma lura an rubuta sunan a jikin kwalbar tun a gaban gadonka.

Abu mafi haɗari shi ne aron kati. Na taɓa aiki a wani wuri inda aka kawo wata yarinya da katin inshorar lafiya na 'yar kawunta, domin nata ya ƙare. A fayil ɗin mai katin an rubuta rukunin A. Da aka gwada yarinyar sai ga O. Mai gwaji ya ƙi sakin jini, ya ce a sake ɗiba. Aka sake, O dai. Sai da na ja kakarta gefe na ce, "Mma, don Allah ki gaya mini gaskiya, ba faɗa zan yi ba," sannan ta faɗi. Mun yi hasarar fiye da awa ɗaya a kan yarinyar da jininta ya kusa ƙarewa. Na san talauci ne ya kawo haka. Amma idan ka zo da katin wani, ka faɗa kafin a kai ga maganar jini.

Ka kuma gaya wa likita, ko bai tambaya ba: an taɓa yi maka ƙarin jini? Yaushe? Jikinka ya yi rawa ko ƙaiƙayi a lokacin? Idan mace ce, ciki nawa ta yi, ɓari nawa, an taɓa haifar jariri da shawara? Waɗannan amsoshi suna nuna wa mai gwaji inda zai sa ido.

Bayan an ɗaura

Kafin a ɗaura, ma'aikata za su karanta sunanka da lambar leda da rukuni da ranar da jinin zai lalace. Jini yana zama a firji na musamman, tsakanin digiri 2 zuwa 6, har kimanin kwana 35. Idan ya fito, ana so a fara shi cikin rabin awa, a gama cikin awa 4. Kada kowa ya sa ledar a ruwan zafi ko a rana wai don ta yi ɗumi. Kada kuma ɗan jinya ya taɓa 'yar wilin da ke jikin robar don jinin ya yi sauri.

Minti 15 na farko su ne na sa ido. Ana farawa a hankali, nas tana kusa. Kai mai jinya, wannan ba lokacin fita sayen koko ba ne. Idan ka ga rawar jiki, ko zazzaɓi, ko ƙuraje da ƙaiƙayi, ko numfashi ya yi wuya, ko majinyaci ya ce bayansa yana ciwo, ko kawai ya ce "ban ji daidai ba", ka kira nas da ƙarfi. Wani lokaci ƙaramin abu ne, amma mu za mu tantance. Jariri da wanda ya suma ba sa iya faɗa, idonka ne bakinsu.

Ko bayan an koma gida a ci gaba da lura har mako biyu. Idan ido ya yi rawaya, fitsari ya yi baƙi, ko kasala ta dawo kamar ba a yi ƙarin ba, a koma asibiti a ce an yi ƙarin jini ranar kaza. Zazzaɓi ma kada a raina shi. Kowace leda ana gwada ta don ƙanjamau, ciwon hanta iri biyu na B da C, da tunjere, amma bincike da aka yi a Komfo Anokye ya nuna zazzaɓin cizon sauro yana iya bin jini ya shiga mai karɓa.

Jinin da ka bayar, ina yake zuwa?

Idan aka ce ka kawo masu ba da jini, ba lalle nasu ne za a ɗaura wa majinyacinka ba. Ana ba shi wanda aka riga aka gwada daga ma'ajiya, naku kuma ya cike gurbin. Don haka kada ka kori ɗan'uwan da ya zo taimako wai rukuninsa bai yi daidai ba. Kuɗin da ake karɓa na leda ne da gwaje-gwaje da ajiya, jini kansa ba a sayar da shi, kuma ka karɓi rasit. Ka guji masu zuwa su ce za su ba da jini a biya su a ce 'yan'uwa ne. Mai neman kuɗi ba ya faɗin gaskiyar lafiyarsa.

Hukumar Kula da Jini ta Ƙasa, wadda dokar 2020 ta kafa, tana karɓa daga mai lafiya ɗan shekara 17 zuwa 60, wanda nauyinsa ya kai kilo 50, sau ɗaya a wata huɗu. Abin da ake ɗiba mililita 450 ne, bai kai ledar ruwan sha ɗaya ba, ba ya kuma rage ƙarfin namiji kamar yadda ake faɗa a majalisa. Ikilisiya ko masallaci ko ƙungiyar matasa suna iya gayyatar ma'aikatan jini su zo har unguwa, kuma duk wanda ya bayar zai san rukuninsa. Fasto da liman, wannan magana ce da ta dace a yi bayan sujada da bayan sallar Juma'a.

Matar can ta Aboabo an ɗaura mata leda biyu na O da wasu mutane da ba ta sani ba suka bayar, aka sallame ta da jaririyarta a kwana na huɗu. Ledar ƙanenta ta shiga firji da alamar B a jikinta. Kafin ya tafi ya sa na rubuta masa rukuninsa a bayan wata takarda, ya ninke ya sa a aljihu tare da katinsa.